Dutse, Gajimare Da Haƙƙin Matuƙi Ya Ce A Koma

 Mas'alar da za a duba yau ita ce ta jirgin sama mai saukar ungulu, wanda waɗansu ke kira helikwafta, da abin da ke kā da shi cikin duwatsu, da binciken da a ke yi bayan ya faɗi. Mai karatu ya iya cewa, ina ruwan mai allo ko mai ƙirgar goro da jirgin da ba shi da kuɗin hawansa? To, akwai ruwansa ƙwarai. Cikin masu hawan irin wannan jirgi akwai shugabanni, in kuwa shugaba ya mutu farat ɗaya, maganar da a ka yi a kan mutuwarsa a ƙofar masallaci da bakin kasuwa tana iya kwantar da gari, tana kuma iya tashinsa. Mutanen da jama'a ke saurara a waɗannan wurare biyu kuwa su ne malami da attajiri. Saboda haka ya wajaba a kansu su san abin da su ke faɗi.

Ran 19 ga watan Mayu na shekarar 2024 Shugaban Iran, Ibrahim Ra'isi, ya je kan iyakar ƙasarsa da Azarbaijan, inda shi da shugaban wannan ƙasa, Ilham Aliyef, su ka buɗe wata madatsar ruwa a kogin Aras. Da a ka gama, sai jirage uku masu saukar ungulu su ka taso da shi da mutanensa, su ka nufi birnin Tabriz. Biyu su ka isa lafiya. Na ukun, ƙirar Bell 212, wanda shugaban ke ciki, ya ɓace cikin hazo a duwatsun yankin Warzakan. Masu ceto su ka kwana suna laluben daji cikin ruwan sama da sanyi, har ƙasar Turkiyya ta aiko da jirgi marar matuƙi don taimako, ba a kai ga tarkacen ba sai da gari ya waye. Mutum takwas ke ciki, babu wanda ya rayu. Cikinsu har da Ministan Harkokin Waje, Husaini Amir Abdullahiyan, da gwamnan lardin, da limamin Juma'ar Tabriz.

Tun ba a ɗauko gawawwaki ba mutane su ka rabu biyu. Kashi na fari su ka ce lalle hannun abokan gaba ne, ba sai an bincika ba. Kashi na biyu su ka ce kwana ne ya ƙare, bincike ɓata lokaci ne. Ko da ya ke maganganun nan biyu sun yi hannun riga, sun haɗu a kan abu ɗaya, watau kowannensu ya rufe ƙofar tambaya. Ra'ayin wannan shafi shi ne, dukansu biyu sun yi gaggawa. Dutse da gajimare sun hallaka manyan mutane da yawa ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba, kuma ba a gane haka sai ta hanyar bincike mai natsuwa. Ga dalilai, bi da bi.

Mas'ala ta fari, yadda jirgin ke tsayawa a sama. Ka sani, ya kai mai karatu, jirgi mai saukar ungulu ba shi da fukafukai kafaffu irin na babban jirgi. Farfelar da ke bisa kansa ita ce fukafukansa. Tana juyawa, tana tunkuɗa iska ƙasa, iskar kuwa ta ɗaga shi. Ashe ke nan ƙarfinsa duka yana rataye ne ga kaurin iskar da ya samu. Iska kuwa, gwargwadon hawa sama gwargwadon sirancewarta. A tsawon ƙafa 10,000 daga fuskar teku, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinta ya ragu, in kuma ana zafi ta ƙara raguwa. Farfela ta rasa abin damƙa sosai, injin ya rasa isasshen numfashi. Jirgin da ya tashi da kayansa cikin sauƙi a gaɓar teku, sai ka ga yana nishi da su a kan tsauni, tamkar jakin da a ka labta wa kaya a fili sa'an nan a ka kora shi hawan tudu.

Mas'ala ta biyu, halin iska a wurin dutse. In iska ta taso ta tarad da tsauni, sai ta haye shi ta gaba, ta gangara ta bayansa kamar yadda ruwan kwazazzabo ke kwararowa. Jirgin da ya faɗa cikin wannan gangarowa, iskar za ta riƙa danna shi ƙasa, wani lokaci da ƙarfin da ya fi nasa na hawa. Wannan kuwa abu ne da ido ba ya gani. Har wa yau, iskar da ke hawan dutse tana yin sanyi, danshin da ke cikinta ya dunƙule ya zama hazo. Shi ya sa kwarin da ke garau da hantsi ya kan rufe ruf kafin a gama shan fura. Daɗin daɗawa, kwari wuri ne mai ƙunci, ba ko yaushe jirgi ke samun filin juyowa ba. Akwai wayoyin lantarki da a ka ja daga wannan tudu zuwa wancan, ba a ganinsu sai an zo dab. Dutse kuma yana tare maganar rediyo, yana ɓoye jirgi daga na'urar da ke hango shi daga ƙasa. In abu ya faru, babu hanyar mota, wanda ya ji rauni sai ya jira masu ceto su zo da ƙafa.

Mas'ala ta uku ita ce mafi ban mamaki, ita ce kuma ya kamata a daɗe a kanta. Hausawa sun ce jiki magayi, amma cikin gajimare jiki maƙaryaci ne. Can cikin kunnen ɗan Adam akwai waɗansu 'yan kwaroro uku masu lanƙwasa, cike da ruwa. Motsin wannan ruwa shi ke sanar da mutum ya karkata ko ya juya. A ƙasa ido ne ke gyara wa kunne kuskurensa, gama mutum yana ganin inda sama ta haɗu da ƙasa. To, in jirgi ya shiga farin gajimare, ido ya tashi daga aiki. In jirgin ya soma karkata sannu a hankali, ruwan kunnen ba ya jin kome. In kuma ya daɗe yana kewaya, ruwan ya kan natsa, matuƙi ya ji kamar a miƙe ya ke tafiya. Duk wanda ya taɓa ganin yaro ya yi hajijiya ya tsaya, sa'an nan ya faɗi yana rantsuwa ƙasa ce ke juyawa, ya ga irin wannan ruɗi. Maganinsa ɗaya ne, matuƙi ya ƙaryata jikinsa, ya gaskata agogunan da ke gabansa. Wannan kuwa ya fi faɗi wuya, sai wanda a ka horar ƙwarai, kuma ya ke maimaita horon a kai a kai.

Saboda haka ne masana tuƙin jirgi su ka raba tafiya gida biyu. Akwai tafiyar ido, wadda matuƙi ke bin ƙasa da kallo, sharaɗinta kuwa ya nisanci gajimare. Akwai kuma tafiyar na'ura, wadda a ke shiryawa tun daga ƙasa, a bi hanya sananna a tsawon da ya wuce kan kowane dutse, ma'aikatan hasumiya suna lura. Babban haɗari yana tsakanin biyun nan, watau mutum ya tashi da niyyar tafiyar ido, gajimare ya riƙa saukowa, shi kuma ya riƙa sunkuyawa ƙarƙashinsa, ƙasa kuwa tana tasowa, har su haɗe masa.

Ga misali wanda a ka bincika filla filla. Ran 26 ga Janairu na 2020 wani jirgi ƙirar Sikorsky S-76B ya tashi a jihar Kalifoniya ta Amurka, ɗauke da shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando Kobe Bryant da 'yarsa mai shekara 13 da waɗansu mutane, su tara har da matuƙi. Safiyar nan hazo ya yi yawa, har 'yan sandan birnin Los Anjalis sun hana nasu jiragen tashi. Matuƙin ba sabon hannu ba ne, ya yi tuƙi fiye da sa'a 8,000, amma kamfanin da ya ke wa aiki izinin tafiyar ido kaɗai gare shi. Da su ka iso tuddan Kalabasas, sai gajimare ya rufe gabansu. Ya ja jirgin sama don ya huda gajimaren ya fito ta bisansa, ya kai wajen ƙafa 2,300. Daga nan jirgin ya soma karkata hagu, ya sunkuya. A daidai wannan lokaci ya gaya wa ma'aikacin hasumiya yana hawa zuwa ƙafa 4,000, alhali kuwa gangarowa ya ke da gudu. Ba ƙarya ya shirya ba, abin da jikinsa ya gaya masa ke nan. Su ka daki tudu, babu wanda ya tsira.

Hukumar binciken haɗarin sufuri ta Amurka, wadda a ke kira NTSB, ta shekara guda tana aiki, ta yanke hukunci a watan Fabrairu na 2021. Ba ta sami alamar injin ya mutu ba. Ta ce sanadin shi ne shawarar da matuƙi ya yanke ta ci gaba da tafiyar ido cikin gajimare, har ya ruɗe ya rasa sama da ƙasa. Ta ƙara da cewa mai yiwuwa ne ya matsa wa kansa don ya cika wa babban mutumin da ya ɗauko bukatarsa, kuma ta ga gazawar kamfanin wajen sa ido a kan sha'anin kiyaye haɗari. A riƙe wannan magana ta matsa wa kai, za a komo gare ta.

In an ajiye wannan an duba sauran, sai a ga sawu iri ɗaya. Ran 8 ga Disamba na 2021 babban hafsan tsaron Indiya, Janar Bipin Rawat, da matarsa da waɗansu sojoji, su 14, su ka faɗi da jirgi ƙirar Mi-17 a duwatsun Nilgiri, kusa da garin Kunur, saura kaɗan su sauka. Kwamitin bincike ya ce babu ɓacin inji, babu maƙarƙashiya, yanayi ne ya sake ba zato, jirgi ya shiga gajimare, matuƙi ya ruɗe. Ran 9 ga Fabrairu na 2024 shugaban rukunin kamfanonin Access na Nijeriya, Herbert Wigwe, da matarsa da ɗansa da abokinsa da matuƙa biyu su ka rasu da dare a hamadar Kalifoniya. Rahoton 2025 ya sake ambaton tafiyar ido cikin mugun yanayi, ya kuma nuna na'urar auna nisan jirgi da ƙasa ba ta aiki, amma a ka tashi a hakan. Ran 6 ga Agusta na 2025 jirgin sojan Gana ƙirar Z-9, mai tafiya daga Akra zuwa Obuwasi, ya faɗi a tuddan ƙasar Asante da mutum takwas, cikinsu da Ministan Tsaro Edward Omane Boamah da Ministan Muhalli Ibrahim Murtala Muhammed. Masu bincike su ka ce iska mai dannowa ƙasa ce ta ƙwace wa jirgin ɗagawarsa a kan tudu. Na Iran kuwa, rundunar sojan ƙasar ta ba da rahoton ƙarshe a farkon Satumba na 2024, ta ce hazo mai kauri ne ya taso farat ɗaya, jirgi ya daki dutse, ba a ga alamar harbi ko maƙarƙashiya ba.

Mas'ala ta huɗu, yaya masu bincike ke sanin abin da ba su halarta ba? Aikinsu ya yi kama da na alƙali mai tattara shaidu, sai dai shaidunsu ƙarfe ne da takarda. Su kan killace wurin, su auna yadda tarkace ya warwatsu. Jirgin da ya fashe a sama, ɓaraguzansa su kan watsu nesa da juna, wanda kuwa ya daki dutse da jikinsa cikakke, su kan taru wuri ɗaya ko su bi layi ɗaya. Su kan duba rassan itatuwa. In farfela ta sare su sumul kamar da adda, alama ce tana juyawa da ƙarfi har lokacin faɗuwa. Su kan kwance injin, su gwada man da ya rage, su nemi ɓurɓushin albarushi a jikin ƙarfe da tufafi. Likitoci su duba jinin matuƙi. A karanta littafin gyaran jirgin, da littafin horon matuƙin, da sa'o'in barcinsa, da rahoton yanayi na wannan rana, a saurari maganarsa ta ƙarshe da hasumiya. In akwai akwatin nan da a ke kira baƙin akwati, wanda a haƙiƙa launin lemo gare shi don a gan shi cikin daji, sai a buɗe shi, gama yana ɗauke da muryoyin matuƙa da lissafin tafiyar jirgi. Ba kowane jirgi mai saukar ungulu ke da shi ba, na Kalabasas ma ba shi da shi.

Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniyar sufurin sama a birnin Shikago a 1944, a ƙarƙashinta kuma akwai sashen da ya tsara binciken haɗari, shi ne Rataye na 13. Ƙa'idarsa ita ce, manufar bincike hana aukuwar irinsa nan gaba, neman wanda za a ɗora wa laifi aikin kotu ne dabam. Hikimar wannan a fili ta ke. In makanike ya san kowace kalma da ya furta za ta kai shi kurkuku, zai kama bakinsa, gaskiyar da za ta ceci waɗansu ta tafi kabari tare da matattu. Tsarin ya nemi a ba da rahoton fari cikin kwana 30, na ƙarshe kuwa cikin shekara guda in ya yiwu. To, wanda ya san aikin da ke cin shekara, yaya zai karɓi hukuncin da wani ya yanke a wayar hannu tun hayaƙi bai kwanta ba?

Amma fa adalci ya sa a saurari masu zargi, gama zarginsu bai taso a banza ba. An taɓa harbo jirgin shugaba, kamar yadda ya faru ga Shugaban Ruwanda, Juvenal Habyarimana, ran 6 ga Afrilu na 1994. Iran kuwa tana da abokan gaba na fili, an kashe masananta a kan titi, takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba mata ya wahalar da ita wajen sayen sababbin jirage da kayan gyara. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai yiwuwar abu dabam, tabbatarsa dabam. A gaban alƙali, wanda ya kawo ƙara shi a ke nema wa shaidu, ba a ɗaure mutum don kawai an san yana da ƙiyayya da mamaci. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle in ya zama ƙarya.

Ga abin da zato ya taɓa haifarwa. A watan Janairu na 2005 a ka yi sulhun da ya kawo ƙarshen yaƙin Sudan ta Arewa da ta Kudu. Ran 9 ga Yuli a ka rantsar da Jon Garang, jagoran mutanen Kudu, ya zama Mataimakin Shugaban Ƙasa na Ɗaya. Ran 30 ga wannan wata, yana komowa daga Yuganda cikin jirgin shugaban wannan ƙasa mai saukar ungulu, jirgin ya faɗi a duwatsun kan iyaka cikin mugun yanayi. Da labari ya bazu, a ka ce kashe shi a ka yi. Birnin Hartum ya kama da wuta, a ka ƙone kantuna da motoci, cikin 'yan kwanaki mutum fiye da ɗari su ka mutu. Binciken haɗin gwiwa da a ka kammala a 2006 ya jingina abin ga yanayi da kuskuren matuƙi. Waɗanda a ka kashe a titi sun ninka waɗanda su ka mutu cikin jirgin sau da yawa, kuma dukiyar da ta ƙone ta 'yan kasuwa ce waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wannan shi ne amsar mai tambaya ina ruwan mai rumfa.

Hukumomi ma suna da nasu kaso na laifi. Rataye na 13 bai hau kan jiragen soja ba, shugabanni kuwa jiragen soja su ka fi hawa. Sai ka ga soja ne ya yi tuƙi, soja ne ya yi gyara, soja ne ya yi bincike, sa'an nan ya fito da 'yar taƙaitacciyar sanarwa ya ce jama'a su gamsu. A sha'anin Kalabasas an buɗe takardun bincike ga kowa, an yi zaman yanke hukunci a bainar jama'a, duk mai shakka yana iya karantawa ya yi gardama da hujja. A Iran abin da ya iso ga jama'a gajeren bayani ne. Ko da abin da bayanin ya ƙunsa daidai ne, gajartarsa ta bar wa jita-jita fili. Hukumar da ke son a gaskata ta, sai ta baje kayanta a faifai, ta kuma sa hannun masana waɗanda ba a ƙarƙashinta su ke ci ba.

Sai kuma masu cewa kwana ne ya ƙare. Babu mai musun cewa ajali ba ya jinkiri. Amma malamai sun fi kowa sanin cewa imani da ƙaddara bai taɓa kā da wajabcin riƙon sababi ba. Sananne ne a tarihi, Sayyidina Umar ya fita zuwa Sham, da ya isa wani wuri da a ke kira Sargu a ka tarye shi da labarin annoba ta ɓarke a can. Ya tara Sahabbai ya yi shawara, ra'ayoyi su ka saɓa, daga bisani ya juya da jama'arsa zuwa Madina. Babu wanda ya isa ya kira shi matsoraci ko mai raunin imani. Shugaba ne ya ji haɗari a gaba, ya tambayi masu sani, ya koma. Bincike bayan haɗari shi ma riƙon sababi ne, don mamacin ya riga ya tafi, masu rai a ke yi wa.

Yanzu a komo ga maganar matsa wa kai, domin nan ne zuciyar mas'alar ta ke. A galibin waɗannan haɗura akwai wani lokaci, minti biyar ko goma kafin faɗuwa, da juyawa ko sauka a fili zai wadatar. Jirgi mai saukar ungulu ya fi kowane jirgi sauƙin wannan, yana iya sauka a gona ko filin makaranta ya jira gari ya washe. Me ke hana matuƙi? A bayansa akwai babban mutum, a gaba akwai taro yana jira, an kafa rumfuna, makaɗa sun gaji. Shi kuwa ma'aikaci ne mai iyali, yana tsoron a ce ya cika tsoro, a nemi wani. Ba sai an daka masa tsawa ba, duban agogo ɗaya daga mai gida ya isa. Gwargwadon kusantar masauƙi kuma, gwargwadon nauyin juyawa a zuciya. Ƙwarewa ma ba ta tsare mutum daga wannan, ruwa gwani ya kan ci, gama wanda ya sha ratsa hazo ya fita lafiya shi ne ke ganin yau ma haka za a yi.

Fataken dā sun san maganin wannan. A ayarin da ke zuwa Gwanja, madugu shi ne uban tafiya, amma jagaba ne ya san hanya. In jagaba ya dawo ya ce kogi ya kawo, ba a ƙetarewa yau, attajirin da ya fi kowa jakai ba shi da ta cewa, a nan za a yi zango. Ba don jagaba ya fi shi daraja ba ne, sai don an ba kowane aiki ga mai shi. Abin da ya kamata ya tabbata cikin jirgi ke nan. Shugaba yana mulkin ƙasa, amma daga rufe ƙofar jirgi zuwa buɗe ta, maganar matuƙi ce ta ƙarshe. Ya kamata a rubuta wannan ya zama doka, a kuma rubuta cewa ba za a rage wa matuƙi girma ko albashi don ya ƙi tashi ko ya juyo ba.

Bayan wannan, akwai abubuwa huɗu da ya kamata jama'a su nema daga hukumominsu. Na ɗaya, duk tafiyar babban mutum zuwa ƙasar duwatsu a shirya mata mota tun da wuri, don in matuƙi ya ce a'a, ya zamana akwai wata hanya, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, kada a tara manyan ƙasa cikin jirgi ɗaya, Iran da Gana sun ga abin da wannan ke jawowa. Na uku, a sa wa jiragen na'urar da ke gargaɗi in dutse ya kusato, da akwatin ɗaukar magana, a kuma riƙa horar da matuƙa tafiyar na'ura, in wata na'ura ta lalace a gyara kafin a tashi. Sai dai a sani na'ura ba ta maye gurbin hankali, masu binciken Kalabasas da kansu sun ce na'urar gargaɗin ba za ta ceci matuƙin da ya riga ya rasa sama da ƙasa ba. Na huɗu, in haɗari ya auku, a bayyana rahoto cikakke, a kuma faɗa wa jama'a, bayan shekara, wace shawara a ka zartar, wace a ka bari.

Malamai kuwa da fatake, nasu aikin ya fi sauƙi, ya kuma fi nauyi. In irin wannan labari ya zo, a yi wa mamata addu'a, a yi wa iyalansu ta'aziyya, a riƙe harshe har masu bincike su gama. In sun gama a nemi abin da su ka ce, a auna shi da hankali, in akwai giɓi a tambaya da ladabi da nacewa. Duk wanda kuma Allah ya ba ikon ɗaukar mai tuƙi, ko na jirgi ne ko na mota, in ya ce masa gaba ba kyau, ya gode masa, ya sauka ya jira. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, taron da a ka makara ana iya sake sa masa rana.

Allah shi jiƙan waɗanda su ka riga mu, shi kiyaye matafiya na sama da na ƙasa da na ruwa, shi kai kowa gidansa lafiya. Wassalamu.